GeoPandas da gonakin da suka koma kalangu

Aikin taswirar gonaki ne a wasu ƙauyukan Kano ya haɗa ni da GeoPandas, wata manhajar sarrafa bayanan taswira. Matasa suka zagaya kowace gona da waya a hannu, GPS na bin sawunsu, aka tara mini zane kusan 2,000. Da na buɗe su a QGIS, manhajar duba taswira da gyara ta da hannu, sai na tarar wasu sun tsuke a tsakiya kamar kalangu, layin iyaka ya tsallake kansa. Wasu kuma 'yan mitsi-mitsi ne, alamar an danna maɓalli bisa kuskure. Sauran lafiyarsu ƙalau, kuma ba na so a taɓa su ko kaɗan.

A nan ne GeoPandas ta burge ni. Ƙari ne a kan Python, yaren rubuta umarnin kwamfuta, kyauta, tana ɗaukar taswira tamkar jadawali: kowace gona layinta guda, siffarta na zaune a shafi ɗaya kusa da sunan ƙauye da irin shuka. Sai ka gindaya sharaɗi. Na tambaye ta da umarnin is_valid waɗanne ne suka lalace, na ware su da umarnin loc, na ce umarnin make_valid ya gyara waɗannan kaɗai. Layi uku na kod. Kafin shayina ya huce an gama abin da na ƙiyasta zai ci mini mako da linzamin kwamfuta. Saurin ba tsafi ba ne. Tun da Shapely 2.0, ƙarin da GeoPandas ke dogara da shi wajen sarrafa siffofi, ya fito a Disambar 2022, ana miƙa wa GEOS, injin da ke lissafin, siffofin a dunƙule, an daina kai su ɗaya bayan ɗaya.

Ban fara da make_valid ba, gaskiya. Wani abokin aiki ya koya mini tsohuwar dabara, a yi buffer da sifili, wato a ce a faɗaɗa iyakar gona da tazarar sifili. Jan kunnen cewa zanen ya lalace ya ɓace, na ji daɗi, har sai da na kwatanta faɗin gonakin. Gonar da ta yi kalangu sai dabarar ta riƙe ciki ɗaya ta watsar da ɗayan, shiru, ba ko tari. Rabin gonar bawan Allah ke nan. Shi make_valid yana riƙe ɓangarorin biyu, sai dai yakan mayar maka da gona ɗaya gida biyu, wani lokacin ma har da guntun layi a manne. Shapefile, nau'in fayil ɗin ajiye taswira, ba ya karɓar irin wannan gauraye, ga shi yana datse sunan shafi a harafi 10. Na koma wani nau'in fayil, GeoPackage, na kuma ƙara sharaɗin tace guntayen.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na rubuta cewa duk zanen da bai kai murabba'in mita 50 ba a cire shi, alhali bayanan suna tsarin awo mai lamba EPSG:4326, inda awo da digiri ake yi. A digiri kuwa kowace gona ba ta kai 50 ba. GeoPandas ta yi mini gargaɗi, ni ne ban karanta ba, kuma da ban ajiye kwafi ba da na share aikin damina guda. Maganin shi ne a mayar da bayanan tsarin UTM, wanda ke awo da mita. Kano tana shiyyar UTM ta 32, wato EPSG:32632. Mai aiki a Sakkwato 31 zai nema, na Maiduguri 33.

Abin da GeoPandas ba ta iya ba shi ne sanin inda gona take a ƙasa. Ta warware harɗewar layi, lissafi ya zauna, amma ba ta san ko yaron da ya zagaya ya kauce wa kududdufi ne ko GPS ne ya yi tsalle a gindin kuka ba. Shi ya sa yanzu nake ƙara shafi mai nuna wace gona kod ya taɓa, da faɗinta kafin gyara da bayansa. Wadda bambancinta ya yi yawa nakan ɗora ta a kan hoton tauraron ɗan'adam in duba da ido. Guda 12 sun gagare ni, sai da aka sake hawa babur aka koma.

Wanda bai taɓa Python ba zai sha wuya makon farko, kuma in zanen bai wuce 20 ba, QGIS ya ishe shi. Ni dai a kan GeoPandas zan yi aikin rani, na riga na ajiye kod ɗin.