Garin furotin da ruwan sha bayan tiyatar rage tumbi: abin da cikina ya karɓa da abin da ya ƙi

Wata bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar wani siririn bututu mai kama da hannun riga. Tun daga lokacin babu tambayar da masu shirin shiga ɗakin tiyata suka fi yi mini kamar wannan: wane garin furotin zan saya? Amsata ta farko ita ce kada su yi gaggawar sayen babban gwangwani. Ni na saya, har guda biyu, mako uku kafin ranar aiki, ɗaya mai ɗanɗanon cakulan, ɗaya mai banila. Na ɗanɗana su a lokacin, suka yi mini daɗi, na ajiye ina ganin na gama shiri. Da na dawo gida aka kai ranar da zan fara shan abu mai ɗan kauri, ƙanshin banilar kaɗai ya tayar mini da zuciya, zaƙin kuma ya zame mini kamar an narka alewa an ɗura mini a baki. Harshe yana canzawa bayan wannan aiki, hanci ma haka, kuma mutane da yawa suna samun kansu cikin wannan hali. Gwangwani ɗaya na bayar kyauta, ɗayan yana nan har yau ban sha rabinsa ba.

Kafin in shiga maganar gari dole in fara da ruwa, domin shi ne ya kayar da ni. Masaniyar abinci da ke kula da ni ta rubuta mini adadi biyu a takarda: furotin giram 60 zuwa 80 a rana, ruwa kuma aƙalla lita ɗaya da rabi. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, ASMBS, ta fitar tare da takwarorinta a 2019, inda aka sa giram 60 a matsayin mafi ƙarancin furotin. Ni duk hankalina ya tafi kan furotin. Ina ganin ruwa ai ruwa ne, wa zai kasa shan ruwa? Ashe a makon farko sabon tumbin a kumbure yake, kurɓi biyu a jere sai ki ji kamar an danna miki dutse a ƙirji. An ba ni ɗan kofin magani mai cin mililita 30, aka ce in shanye ɗaya duk bayan minti 15. Ki yi lissafi: lita ɗaya da rabi kofi 50 ke nan, kuma a wannan tafiyar sai an kwashe awa 12 da rabi kafin a cika su. Wato daga tashi barci har kwanciya aikinki ke nan. Idan barcin rana ya ɗauke ki na awa biyu, kofi takwas sun tafi, kuma babu halin ramawa da kwankwaɗa.

A rana ta tara na miƙe zan shiga banɗaki sai jiri ya kwashe ni, na dafa bango. Leɓena ya bushe ya tsattsage, kaina yana sarawa, fitsari ɗan kaɗan kuma ja-ja-wur kamar ruwan shayi. Ƙanwata ce ta dube ni ta ce, "Yaya, tun safe kofi nawa kika sha?" Muka duba takardar da nake sa alama, kofi goma sha ɗaya ne, ga la'asar ta yi. A ranar sai da aka yi mini ƙarin ruwa leda biyu. Ma'aikaciyar jinyar da ta sa mini allurar ta gaya mini cewa ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da irinmu asibiti a makonnin farko. Ta kuma ce idan rana ta ƙure mini, aka rasa wanda za a cika tsakanin furotin da ruwa, in cika ruwan. Jiki zai jure gibin furotin na kwana biyu ko uku, amma ba zai jure gibin ruwa ba.

Daga nan na fara neman ruwan da zai wuce maƙogwaro ba faɗa. Abin mamaki, zallan ruwa shi ya fi yi mini nauyi, musamman mai sanyi ƙarara, sai in ji tumbin ya ƙulle. Mai ɗumi ya fi sauka lafiya. Wata da na sani kuma akasin haka ne, ita sai da ƙanƙara, don haka kowa ya gwada nasa. Romon kaza da aka tace aka kwashe kitsensa ya taimake ni ƙwarai, saboda gishirin da ke ciki da kuma hutun da ya ba harshena daga zaƙi. Na kuma yi amfani da garin gishirin jiki marar sukari, wanda ake zubawa cikin gorar ruwa, a ranakun da na yi gumi. Lemon kwalba mai gas an hana ni, domin iskar ba ta da inda za ta zauna. Gahawa ma an ce in dakata na wata guda. Bututun zuƙa kuma na ajiye shi da kaina bayan na lura yana cika mini ciki da iska. Dokar da ta fi yi mini wuyar sabawa ita ce raba ci da sha: ba a haɗa su, sai an jira minti 30 bayan cin abinci. Na karya ta sau ɗaya, abin da na ci ya dawo nan take.

To, garin furotin. Na gwada iri biyar, kuma da a ce na san yadda ake karanta bayan gwangwani da na rage wa kaina wahala.

Yawancin garin da ke kasuwa daga madara ake samo shi. Idan aka daskarar da madara za a yi cuku, ruwan da ke tsatsowa shi ake kira wei, shi ake busarwa ya zama gari. Iri biyu ne aka fi gani. Akwai wanda ake kira konsantiret, wanda furotin ɗinsa bai wuce kashi 80 cikin 100 ba, sauran kuwa har da sukarin madara, wato laktos, da ɗan mai. Akwai kuma asolet, wanda aka ƙara tacewa har furotin ya kai kashi 90 ko fiye, laktos ɗin ya zama ɗan kaɗan. Gwangwanayen nan biyu da na fara saya duk konsantiret ne, ban ma duba ba. Ni da na saba shan madara ba ta taɓa yi mini komai ba, sai ga shi bayan tiyata cikina yana ƙugi, yana kumbura, ga gudawa. Gudawa kuwa ga mai fama da cika kofi 50 babbar asara ce. Rashin jure laktos yana bayyana ga wasu bayan wannan aiki, musamman waɗanda aka yi wa irin tiyatar da ake karkatar da hanji. Da na koma asolet, cikin kwana biyu ƙugin ya kwanta.

Wanda ya zama abokin tafiyata shi ne asolet marar ɗanɗano na Isopure. Cokalin awonsa ɗaya yana ba da giram 25 na furotin, babu sukari. Abin da na fi so game da shi shi ne ba ya tilasta mini zaƙi. Ina zuba rabin cokali a romo, rabi a yogot marar sukari, daga baya da aka ba ni izinin abinci mai laushi ina barbaɗa shi a miyar kayan lambu da aka niƙa. Yana da ɗan ƙanshin madara, amma romo yana rufe shi. Sai dai duk garin wei yana da hali ɗaya da ya kamata a sani: zafi yana dunƙule shi. Idan ruwa ya haura kusan digiri 60, sai ya yi gudaji-gudaji masu tauri kamar roba, ba mai iya haɗiye su da sabon ɗinki a ciki. Dabarar ita ce a fara dama garin da ruwa mai sanyi cokali biyu ko uku har ya yi sumul, a bar romon ya huce yadda za a iya tsoma yatsa, sannan a haɗa a hankali ana juyawa. Haka nan idan an girgiza shi a gora yakan yi kumfa, kumfar kuma iska ce. Ina ajiye gorar minti goma kumfar ta kwanta kafin in kai baki.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ruwan furotin mai launi, garai-garai kamar lemo, da wata ta yaba mini. Gaskiya yana da daɗin sha, ba ya da nauyi, na yi kwana goma ina lissafa shi cikin giram 60 ɗina ina murna. Da na kai kwalbar wa masaniyar abinci sai ta juya bayanta ta nuna mini kalmar farko a jerin kayan haɗi: kolajin. Ta bayyana mini cewa furotin tubala ne ake kira amino asid, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, sai daga abinci. Kolajin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi ko fatar kifi, ba shi da ɗaya daga cikin taran nan, mai suna tiriftofan, wasu kuma kaɗan ne a cikinsa. Saboda haka lambar da ke gaban kwalba gaskiya ce, amma ba ita ce za ta tsare miki tsoka ba. Ta ce in ci gaba da sha in ina so, in lissafa shi a ruwa, kada in lissafa shi a furotin. Akwai irin wannan ruwa garai-garai da aka yi da wei asolet, shi kam cikakke ne. Kamanninsu ɗaya a kan kanta, sai an juya baya ake bambance su.

Na waken suya cikakken furotin ne, kuma mafita ce ga wanda madara ta ƙi shi gaba ɗaya. Na gwada, ya zauna mini lafiya, ɗanɗanon ne dai bai kwanta mini ba. Na wake-waken turawa kuwa yana da tsakuwa-tsakuwa a harshe, na bar shi bayan kwana uku.

A wata na uku, da na koma aiki, na fara ɗaukar wanda aka riga aka dama a kwali. Premier Protein nake saya, giram 30 a kwali ɗaya, sukari giram 1, kalori 160. Sauƙinsa ne ya ja ni, babu awo babu wanke gora. Ina shan kwali ɗaya cikin awa guda ko fiye, kurɓi-kurɓi, kuma rabin buƙatar yini ta biya. Ga duk wanda zai sayi irin waɗannan na kwali, kowane kamfani ne, abu biyu zai duba. Na farko sukari. Masaniyata ta ce kada ya wuce giram 5 a sha ɗaya, domin idan zaƙi mai yawa ya zazzago cikin hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, ciki ya murɗa, wani lokacin kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya faɗi, jiki ya hau rawa. Waɗanda aka karkatar wa hanji sun fi gamuwa da wannan, amma mu ma ba mu tsira ba. Na biyu kayan zaƙin da sunayensu ke ƙarewa da "tol", irin su sobitol da maltitol. Ana rubuta "babu sukari" a gaba, su kuma suna baya, kuma suna saki ciki.

Wani abu da ban sani ba sai da aka gaya mini: kalsiyam da ke cikin waɗannan abubuwan sha na madara yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Da ina kora ƙwayar ƙarin jinina, mai ɗauke da sinadarin ƙarfen, da su, yanzu ina ba da tazarar awa biyu. Sannan duk wadda ta ga amai ya ƙi tsayawa, ko ruwa ba ya zama, kada ta zauna tana canza gari tana jiran sauƙi. Idan abinci ba ya zama, ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta 'yan makonni, kuma ƙarewarta tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A kira likita a ranar.

Gashina ya fara zuba a wata na huɗu, duk da ina cika giram ɗina. Na tsorata ranar da na ga abin da ya maƙale a mataji, har na zargi garin. Likita ya ce zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne da aka saba gani bayan babbar tiyata da saurin ramewa, furotin ba ya hana ta gaba ɗaya, amma ƙarancinsa yana tsawaita ta. Yanzu ƙananan gashi sun fara tsirowa a gaban goshina.

Idan za a sake mayar da ni mako uku kafin tiyata, ƙananan fakiti na sha ɗaya zan saya, iri huɗu ko biyar, har da marar ɗanɗano guda, in bar babban saye sai mako na biyu bayan aiki, lokacin da harshe ya nuna inda ya dosa. Zan duba kalmar farko a jerin kayan haɗi, in tabbatar awo ɗaya ya kai giram 20 zuwa 30. Zan kuma sayi gora mai zanen awo a jiki tun kafin in sayi gari.

A yanzu yawancin furotin ɗina daga ƙwai, kifi, kaza da yogot yake fitowa, garin ya koma cokali ɗaya da safe. Gwajin jinin da aka yi mini a wata na shida ya fito lafiya. Ruwan ne har gobe sai na sa ido a kansa, domin ƙishirwa ba ta kirana kamar da. Gorata mai cin mililita 500 ce, ina ɗaura mata zoben roba uku da safe, duk sanda na shanye na sake cikawa sai in cire ɗaya.