Walker da Robinson: wa ya riga wa a babbar gasar besbol?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji ana musu cewa ba Jackie Robinson ba ne baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar besbol ta Amurka. Mai wannan magana yana da hujja, domin Moses Fleetwood Walker ya riga shi da shekara 63.

Walker ya fara buga wa Toledo Blue Stockings ranar 1 ga Mayun 1884, a gasar American Association, wadda a lokacin take cikin manya. Robinson kuwa ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilun 1947. Dukansu 'yan boko ne: Walker ya yi kwalejin Oberlin da jami'ar Michigan, Robinson ya yi jami'ar UCLA.

Aikin Walker shi ne ya tsuguna bayan mai bugu yana cafke ƙwallon da abokin wasansa ya jefo, a zamanin da babu safar hannu mai kauri irin ta yau. Aiki ne na fahimtar juna, mai cafkewa ne ke nuna wa mai jifa da yatsu irin jifan da zai yi. To, mai jifan Toledo, Tony Mullane, daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa aiki da gwani kamar Walker ba, amma saboda baƙi ne ba ya kallon alamarsa, abin da ya ga dama yake jefowa. Wannan labarin yana min ciwo ƙwarai. Mutum a tsugune, ƙwallo na tahowa da gudu, bai san ta inda za ta ɓullo ba, kuma ɗan gida ne ke yi masa haka. A watan Yuli ƙwallo ta karya masa haƙarƙari, kafin kaka ta ƙare aka sallame shi. Ƙanensa Weldy ma ya buga wasa 5 a kulob ɗin.

Robinson shi ma ya sha zagi da wasiƙun barazanar kisa, sai dai yana da jigo a bayansa. Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya fara tura shi ƙaramin kulob ɗinsu na Montreal a 1946, da sharaɗin duk abin da aka yi masa kada ya rama. Ya haɗiye, ya yi kaka 10, ya zama gwarzon gasarsu a 1949, suka ci kofi a 1955.

Abin da ya biyo bayansu shi ya raba su. Bayan Walker rufe ƙofa aka yi: Cap Anson, fitaccen ɗan wasan Chicago, ya riƙa ƙin shiga fili da baƙaƙe, a 1887 kuma ƙaramar gasar International League ta hana ɗaukar sababbinsu. Walker ya yanke ƙauna har ya rubuta littafi a 1908 yana kira ga baƙaƙen Amurka su koma Afirka. Robinson kuwa ko wata 3 bai cika ba wani baƙar fata, Larry Doby, ya shiga kulob ɗin Cleveland.

A ganina Walker ne na farko da ya buga kowa ya san baƙi ne (William Edward White, mai jinin baƙaƙe, ya yi wasa ɗaya a 1879, amma a matsayin Bature ya rayu), Robinson kuma shi ya karya takunkumin. A 1997 aka jingine lambar rigarsa, 42, a dukan kulob-kulob. Wasannin da Walker ya buga wa Toledo a babbar gasa su ma 42 ne cif.