Tsarin abincin Disney World: lissafin da iyali Musulmi ya kamata su yi kafin su biya

Duk magidancin da ya zauna da ejan ɗin tafiye-tafiye a Sabon Gari ko PZ, ko ya buɗe intanet da kansa yana haɗa hutun iyali zuwa Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, da zarar ya gama zaɓen otal da tikitin shiga za a tambaye shi ko a ƙara masa tsarin abinci, wato Disney Dining Plan. Na yi amfani da shi da iyali, kuma ra'ayina shi ne: ga yawancin gidajenmu na Zariya tsarin ba ya mayar da kuɗinsa. An gina farashinsa ne a kan mutumin da zai ci nama mafi tsada a kowane zama ya kora da giya. Mu ba ma shan giyar, naman ma sai mun yi tambaya. Amma akwai iyalan da yake yi wa rana, kuma za a iya gane su da lissafi tun ana gida.

An dakatar da tsarin a 2020 lokacin korona, aka dawo da shi ranar 9 ga Janairun 2024 da nau'i biyu. Ƙaramin, wanda suke kira Quick-Service, yana ba kowane mutum abinci biyu na kanta (inda za ka yi oda a tsaye ka ɗauki tire ka nemi wurin zama) da ƙwalama ɗaya. Babban yana ba da abincin kanta ɗaya, abincin zama ɗaya inda ake kawo maka har tebur, da ƙwalama ɗaya. Kowanne yana zuwa da kofin roba mai murfi da za ka riƙa cikawa da lemo ko shayi ko kofi kyauta. Ana ƙirga rabon ne da yawan dararen da za ku kwana a otal, ba da yawan ranakun shiga wurin wasa ba. A 2025 ƙaramin ya kama dala 59.14 ga babba da 24.71 ga yaro a kowane dare, babban kuma dala 97.79 da 30.56, har da haraji.

Abu na farko da ke kama mutanenmu shi ne wanda Disney ke kira yaro. Yaro a wurinsu ɗan shekara 3 zuwa 9 ne. Ɗiyarka 'yar shekara 10 da ba ta iya gama faranti ɗaya na shinkafa a gida, kuɗin babba za ka biya mata. Wanda bai kai 3 ba ba a saya masa, yana iya ci daga farantin uwarsa. Na biyu, ba a zaɓe: duk wanda sunansa ke cikin ɗakin sai ya shiga tsarin, kuma na dukkan dararen. Ba za ka ce a saya wa yara a bar Hajiya ba don ita ba ta cin abincin Turawa. Sai dai idan iyalin suna da yawa har kuka kama ɗakuna biyu da rajista daban-daban, ɗaya na iya shiga ɗaya ya tsaya. Na uku, sai wanda ya sauka a otal ɗin Disney kansa. Wanda zai sauka gidan ɗan'uwa a Orlando ko wani otal na waje, maganar ba ta shafe shi ba.

Mu ɗauki gida mai mutum huɗu: maigida, uwargida, ɗa mai shekara 12 da 'ya mai shekara 7, dare biyar. Da farashin 2025, ƙaramin tsari zai kama kusan dala 1,011, babban kusan dala 1,620. Idan ka sayi dala a kan naira 1,500, babban ya haura naira miliyan 2 da dubu 400, kuma abinci biyu ne a rana, ba uku ba. Karin kumallo ko abincin rana, ɗaya daga ciki daga aljihunka zai fito.

Yanzu a duba abin da babba ɗaya zai ci a ƙaramin tsari in da kuɗi a hannu zai saya. Farantin kanta yawanci tsakanin dala 12 ne zuwa 18, lemo kusan dala 5. A ce dala 20 kowane zama, sau biyu 40. Ƙwalama, kamar askirim mai siffar kan Mickey ko gugguru ko Dole Whip, wani abin sanyi na abarba mai kama da askirim, dala 6 ko kusa da haka. Kofin nan ana sayar da shi dala ashirin da 'yan kai, in ka raba shi a dare biyar bai kai dala 5 ba. Ka haɗa, ka ɗora haraji, za ka tsaya wajen dala 54, alhali ka biya 59. Baturen da ya kai shekara 21 yana cike wannan giɓin ne da kofin giya da ya ninka kuɗin lemo, sau biyu a rana, don tsarin ya ba shi dama. Kai kuwa ka biya kuɗinta ka bar musu. Kuma lissafin nan na yi shi ne a kan cewa za ka sha lemo kowane zama, alhali duk kantar abinci tana ba da kofin ruwan sanyi kyauta in ka tambaya. Hanyar rage asarar ita ce, inda duk ake da madarar da aka kaɗa da askirim ko markaɗaɗɗen 'ya'yan itace, ka karɓe shi a madadin lemo, don tsarin ya ɗauke shi.

Kofin ma akwai abin lura. A otal kawai yake aiki, ba ya aiki a cikin Magic Kingdom ko EPCOT ko sauran wuraren wasan. Iyalin da ke fita ƙarfe takwas na safe su dawo goma na dare, shayin safe kaɗai za su mora da shi.

Maganar nama ita ce ke raba gardama, kuma a gida ya kamata a yanke ta, ba a gaban kanta yara na kuka ba. Akwai masu cin yankan Ahlul Kitabi in ba alade ba ne, akwai waɗanda sai an tabbatar musu da halal. Kowa da malaminsa, ba ni zan yi fatawa ba. Amma in kana cikin kashi na biyu, ka sani a yawancin kantocin gaggawa abin da ya rage maka kifi ne, da jatan lande, da fiza mai cuku zalla, da abincin da aka yi wa alamar ganye a jerin abincin, wato wanda babu nama ko madara ko ƙwai a ciki. Waɗannan kuma su ne masu arha, ka ga asarar ta ƙaru. Columbia Harbour House a Magic Kingdom yana da gasasshen kifin salmon da shinkafa, shi ne wurin da ya fi kwantar mini da hankali. Satu'li Canteen a wurin wasa na Animal Kingdom yana haɗa kwano da awara, wadda yaranmu suka riga suka sani. Soyayyen kifi kuwa a tambaya tukuna, don akwai inda ake kwaɓa fulawarsa da giya. Alawoyi masu danƙo da masu laushi irin na auduga sau da yawa akwai sinadarin jelatin a ciki, wanda ana iya samo shi daga alade. Sannan kada ɓangaren EPCOT da aka sa wa sunan ƙasar Maroko ya ruɗe ka ka ɗauka duk naman da ke wurin halal ne. Gini ne da ado, naman sai ka tambaya kamar ko'ina.

Gidajen abinci na zama sun fi sauƙin sha'ani. Ana iya neman naman halal ta sashen Disney mai kula da masu buƙatar abinci na musamman, amma sai an sanar da su tun kafin tafiya, a kuma sake faɗa wa mai kawo abinci da an zauna. In ka faɗa, sau da yawa mai dafa abincin da kansa yake fitowa da farar rigarsa, ya zaga da kai gaban kwanukan ɗibi-da-kanka yana nuna maka da yatsa: wannan akwai alade, wannan miyar an sa mata giya, wannan babu komai. Wannan ɓangaren na yaba musu ƙwarai, ba sa nuna gajiya ko raini. Sai dai hidima ce da ake yi wa kowa, da mai tsari da mai biya da kuɗinsa.

Inda babban tsari yake cin riba shi ne wajen ƙananan yara da abincin da su Mickey da Donald ke zagayawa tebur-tebur ana ɗaukar hoto. Irin su Tusker House a Animal Kingdom ko Chef Mickey's, abincin dare ya kai dala 60 zuwa sama ga babba, yaro kuma wajen dala 40. A 2025 tsarin yaro na dare guda dala 30.56 ne. Zama ɗaya ya mayar da kuɗin, abincin kanta da ƙwalama sun zama riba. Saboda haka gidan da ke da yara uku 'yan ƙasa da shekara 10 da manya biyu, kuma sun ƙudura kowace rana sai sun yi irin wannan zaman, su saya. Disney ta kuma sanar da cewa a 2026 yara 'yan 3 zuwa 9 za su samu tsarin kyauta in manyan ɗakin sun saya, wanda ya ƙara karkata lissafin ga irin wannan gida. Boma, gidan abincin da ke otal ɗin Animal Kingdom Lodge, kamar waɗancan wuraren, maki ɗaya yake ci (maki shi ne rabon abinci ɗaya da ake cirewa daga tsarinka), kuma abincinsa, da shinkafa da miya iri-iri da kayan ƙamshi, ya fi kusa da bakinmu.

Amma babban tsarin yana da kuɗin da ba a gani sai an zauna. Tukuicin mai kawo abinci ba ya ciki, kuma a Amurka ba ganin dama ba ne, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari ake bayarwa, a kan asalin kuɗin abincin. Teburin da ya kai mutum shida, kai tsaye ake ɗora kashi 18 a rasit. Gidan mutum huɗun nan in suka ci abincin dala 220, sai sun ajiye wajen dala 40 daga aljihu, kowane dare. Ɗan abin da ake fara kawowa kafin babban faranti ba ya ciki, sai babban farantin da abin sha da kayan zaƙi. Wasu wuraren kuma maki biyu suke ci a zama ɗaya, kamar Cinderella's Royal Table da Be Our Guest, ka ga wata rana za ta zo babu abincin zama. Yara kuma dole su zaɓa daga jerin abincin yara inda ake da shi, wanda yawanci soyayyar kaza ce da taliya mai cuku da irinsu.

Sai kama tebur. Ana buɗe rajista kwana 60 kafin ranar, da misalin ƙarfe shida na safe agogon Florida, wato sha ɗaya na safe a Zariya lokacin bazararsu, sha biyu lokacin sanyi. Wanda zai sauka a otal ɗin Disney yana iya kama na dukkan zamansa, har kwana goma, a wannan rana ɗaya ta manhajar My Disney Experience. A nan mutanenmu suka fi faɗuwa: biza ta fito a makare, an sayi tsari mako biyu kafin tafiya, wuraren da suke mayar da kuɗi duk sun cika, sai a ƙare ana kashe maki mai tsada a kan abinci mai arha. In kuma ka kama tebur ba ka je ba, ba ka soke aƙalla awa biyu kafin lokaci ba, za a cire dala 10 a kan kowane mutum. Kowane zama yana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ban da tafiyar zuwa, a ranar da ka biya tikitin shiga mai tsada. Dogon hutun makarantunmu kuma yana faɗawa Yuli da Agusta, lokacin da Florida ke da zafi mai gumi da ruwan sama da yamma. Yaro a wannan yanayi ruwa da askirim yake nema, ba faranti ba. Farantansu manya ne, yara biyu suna ƙoshi da ɗaya. Makin da ya rage yana mutuwa ƙarfe sha biyun daren ranar da kuka bar otal, ba a mayar da ko sisi. Shi ya sa za ka ga mutane ranar ƙarshe a shagon otal suna cika leda da alawa don kada maki ya tafi a banza. In tafiyar ta faɗa cikin azumi, kada ma a fara.

Amfani ɗaya da ba na musantawa shi ne biya tun daga gida. Ana kammala kuɗin kwana 30 kafin isowa, don haka ko dala ta tashi kana can, abincinka ya riga ya shiga, kuma ba ka fargabar katin banki ya ƙi aiki a gaban kanta. Ana iya samun wannan kwanciyar hankali ta wata hanya: ka zuba kuɗin abincin a katin kyauta na Disney (Disney Gift Card, katin da ake zuba wa kuɗi a yi sayayya da shi), ka riƙa biya da shi. Abin da ya rage bai mutu ba, ya yi tsaraba.

Ga gidan da yaransa suka haura 10, ko masu tsanantawa a kan halal, abin da ya fi shi ne a bar tsarin. A yi odar burodi, madara, ayaba, dabino da katan ɗin ruwa daga babban kanti a kawo otal. Ɗakunan suna da ƙaramin firji, zauren cin abinci na otal yana da na'urar ɗumama abinci. Disney ta yarda a shiga wurin wasa da abincin gida, in dai babu kwalba ko ƙanƙara a warwatse. A karya a ɗaki, a ci na kanta sau ɗaya da rana a raba faranti, a zaɓi zama ɗaya ko biyu da su Mickey a biya da kuɗi. Akwai gidajen abincin halal na Larabawa da 'yan Pakistan a cikin Orlando masu kawowa har otal. Daga gida a riƙo yaji da garin kunu, a kuma bayyana su ga jami'an kwastan a filin jirgi. Kilishi da dambun nama kam a bar su a Zariya: Amurka ba ta barin a shiga da nama daga Najeriya, za a ƙwace, in kuma ka ɓoye aka gano akwai tara.