Kafin ka sayi 'yan tsaki, fara tambayar kuɗin buhu

Yawancin masu son fara kiwon kaji a tsakar gida, tambayar da suke fara yi ita ce nawa ake sayar da ɗan tsako. Abin da ya kamata su fara tambaya shi ne nawa ne buhun abinci, kuma sau nawa za su iya sayensa ba tare da cefanen gida ya taɓu ba. Kuɗin tsako sau ɗaya ake biya. Abinci kuwa kullum ne, safe da yamma, kuma shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa a kan kajin gidan gona. Don haka irin kazar da ta dace da kai, aljihunka ne zai faɗa maka ita, ba kyan gashinta ba.

Kazar Hausa ita ce mafi sauƙin ɗawainiya. Tana fita da sassafe ta yi tononta, ta ci ƙwari da tsaba da ɗanyen ganye, da yamma a watsa mata dawa ko gero ta shige akurki. Ƙwanta ba ya da yawa, tsakanin 40 da 60 a shekara, amma tana da abin da sauran ba su da shi: tana kwanci, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta ba tare da ka sayi gawayi ba. Ko ƙwan zabi ka sa mata za ta kwanta a kai har kwana 26 zuwa 28. Namanta kuma masu farfesu sun san darajarsa. Matsalarta biyu ce. Tana jinkirin girma, sai ta yi wata biyar zuwa shida kafin a ce ta isa, sannan annobar da ke zuwa da iskar hunturu tana iya share gida kaf cikin mako guda. In za ka saya, gara ka nema a gidan da ka san kajinsu lafiya lau suke, domin sau da yawa da cuta ta ɓulla a ƙauye kasuwa ake rugawa da kajin. In kuma dole sai kasuwa, ɗaga kazar ka duba: ido a buɗe tar, zanko ja, hanci a bushe, gashin gindi babu kashi a manne, ƙashin ƙirji a lulluɓe da tsoka. Ka ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

Buroila, wato kazar nama ta gidan gona, kaza ce ta mai lissafi. Cikin mako shida zuwa takwas ta wuce kilo biyu, amma kowace ɗaya za ta ci kilo huɗu zuwa biyar na abincin kamfani kafin nan. Kaji 25 ke nan buhu huɗu zuwa biyar masu kilo 25. Ba ta iya neman abinci da kanta, ba ta jure zafin watan Maris zuwa Mayu, kuma daga ranar da ta isa yanka, duk abin da ta ci daga ribarka ya fito. Wanda zai kiwata ta ya ƙirga baya daga ranar Sallah ko ranar bikin da yake hari, ya kuma san masu saye tun kafin ya kawo tsakin. In ba ka da firiza kuma ba ka da kasuwa a hannu, ban ga dalilin da za ka wuce goma ba.

Kajin ƙwai su ne suka fi jan hankalin iyaye mata, kuma da gaskiyarsu, ƙwai kullum a gida ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Jajayen nan da aka fi gani, irin su Isa Brown, suna fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, kuma idan sun samu kulawa suna kusantar ƙwai 300 a shekara. Akwai kuma Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar domin ta dace da yanayinmu. Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi da biro da takarda. Kaza ɗaya mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kusan mako uku. A wannan mako ukun, in suna kan ganiyarsu, za su ba ka kiret biyar da 'yan kai. Je ka tambayi kuɗin kiret biyar a unguwarku, ka tambayi kuɗin buhu ɗaya, ka cire. Sannan ka tuna cewa in daga tsako ka faro, kaji goman nan za su ci kusan buhu uku kafin ka ga ƙwan fari. Kazar ƙwai ba ta yafe fashi. Ka rage mata abinci kwana biyu ko ka bar ta da ƙishirwa wuni ɗaya, ƙwai ya faɗi, kuma sai an ɗau lokaci kafin ya dawo.

Masu gudun wannan jiran sukan sayi waɗanda suka kusa fara ƙwai. Dabara ce mai kyau, sai dai a nan ne ake yawan cutar mutane, a sayar musu da tsofaffin da gidan gona ya sallama a ce budurwai ne. Budurwar kaza ƙafarta da bakinta rawaya ne shar, gashinta sumul yana sheƙi, zankonta bai gama girma ba. Wadda ta daɗe tana ƙwai kuwa launin ƙafarta ya koɗe ya yi fari-fari, gashin wuya da na baya ya zube, faratanta sun yi tsawo. Sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta: in yatsa ɗaya ne ya shiga, ba ta fara ba tukuna, in biyu ko uku suka shiga, tana kan yi.

Tsakanin kazar Hausa da na gidan gona akwai waɗanda aka haɗa domin nama da ƙwai gaba ɗaya. Wadda ta fi yaɗuwa a Arewa ita ce Noiler, daga gidan ƙyanƙyasa na Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo. Akwai kuma FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta. Waɗannan suna fita kiwo, suna cin dusa da ragowar tuwo da ganye, zakarunsu kan yi girman yanka cikin wata uku zuwa huɗu, kuma ƙwansu ya ninka na kazar Hausa. Ga mai tsakar gida mai ɗan fili, wanda wata rana akwai kuɗin buhu wata rana babu, a ganina su ne zaɓin da ya fi hankali, domin in aljihu ya yi sanyi jinkirin girma kawai za su yi, ba rushewa ba. Abu biyu dai a sani. Ba kasafai suke kwanci ba, don haka a ajiye kazar Hausa ɗaya ko biyu su riƙa yin wannan aikin. Kuma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga ƙwansu a gida ba lalle su kai iyayen ba.

Sai batun shekarun tsakon da za ka saya. Ɗan kwana ɗaya ya fi araha, yawanci a kwali mai 50 ake kawo su, da yawansu daga wajen Ibadan bayan sun kwana a mota. Mai lafiya za ka ga cibiyarsa a bushe a rufe, ƙafarsa a miƙe, in ka kwantar da shi rigingine a tafin hannu zai yi wuf ya miƙe. Makon farko yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar digiri uku duk mako. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kaskon gawayi ake sawa, amma a bar gawayin ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare kafin a shigo da shi, a kuma bar kafar iska. Su tsakin za su faɗa maka gaskiya: in sun dunƙule a jikin kasko suna tsuwa, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango sun buɗe baki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, ka dace. Wanda bai taɓa wannan aikin ba, ko wanda ke wuni a wajen aiki, ya ƙara kuɗi ya sayi waɗanda aka rena mako uku zuwa huɗu. Ya dai tambayi mai sayarwa wace rigakafi aka yi musu kuma yaushe. In amsar ta zo da kame-kame, ya nemi wani.

Abincin kamfani ba a rasa shi a garuruwanmu. Akwai Vital Feed na Grand Cereals a Jos, akwai Top Feeds, akwai Hybrid na Kaduna, ga Chikun da Ultima na kamfanin Olam, wanda ya buɗe babbar masana'antarsa a Kaduna a 2017. Mutane suna ta musu a kan wanne ya fi, ni kuwa abin da na fi damuwa da shi shi ne yaushe aka yi buhun kuma ina aka ajiye shi. Sabon buhu na matsakaicin kamfani ya fi na shahararren kamfani da ya yi wata uku a ƙasan shago mai danshi. Karanta takardar da aka ɗinke a bakin buhun, ka shinshina, ka damƙa a hannu. In ya dunƙule ko yana warin fumfuna, bar shi. Ka kuma sayi wanda ya dace da shekarun kazar. Buroila sitata take ci, wato abincin farko, mai furotin kamar kashi 22 cikin 100, daga baya a koma finisha, abincin ƙarshe kafin yanka. 'Yan tsakin kajin ƙwai suna cin na tsaki har mako takwas, sai girowa, wato na masu tasowa, sai abincin ƙwai idan sun kusa farawa. Wannan na ƙarshen yana ɗauke da kalsiyam mai yawa domin ɓawon ƙwai, kuma in aka bai wa ƙananan tsaki shi yana lalata musu ƙoda. Abincin da aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya ya ɗan fi tsada, amma ɓarnarsa kaɗan ce, domin kaza ba ta samun damar tsince masara ta bar garin da sinadaran ke ciki. Mai sayen awo a mudu kuma ya tsaya a buɗe buhun a gabansa, saboda akwai masu ƙara dusa. Araha ba ta ado.

Haɗa abinci a gida yana rage kuɗi ga wanda ya noma masararsa ko ya saya da kaka. Masara ko dawa su ne fiye da rabin haɗin, sai waken soya ko ƙuli-ƙuli domin furotin, sai dusa, garin ƙashi, gishiri ɗan kaɗan, da ƙunshin bitamin da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi. Waken soya dole a soya shi, domin ɗanyensa yana hana kaza narkar da abinci. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce, tana taɓa hanta, tana rage ƙwai, tana kashe tsaki, kada a ce ai kaji ne za su ci. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne ciyar da kaji dusa zalla. Dusa tana cika maƙoshi amma ba ta gina jiki, shi ya sa za ka ga Noiler ta yi wata biyar kamar 'yar wata biyu. Ga kajin da ke fita kiwo, a haɗa musu dusar da tsaba da ɗan ƙuli-ƙuli da ganyen zogale. Tsohuwar dabarar kama gara ma tana nan da amfaninta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da shuri da yamma, da safe a zazzage wa tsaki. Buroila da kajin ƙwai na gidan gona dai ban ba da shawarar a koyi haɗi a kansu ba, sai in akwai wanda ya ƙware a kusa.

Ruwa kaza tana shan kusan ninki biyu na abin da ta ci, da bazara ma ya fi haka. A ajiye shi a inuwa, na randa ya fi. Mazubin roba mai kifewa ya fi kwano, domin tsako ba ya faɗawa ciki kuma kashi ba ya shiga.

Wurin kwana ya danganta da irin kazar. Akurkin ƙasa ya ishi kajin Hausa, in dai ana share shi ana zuba toka saboda ƙuma, kuma ƙofarsa tana rufuwa gam saboda muzuru da gafiya. Masu tsaki ƙanana a kife su da kwando ko a tsare su a keji makonnin farko, in ba haka ba shirwa ce za ta ci riba. Kajin gidan gona suna son ɗaki mai gajeren bango da raga har sama, tsawonsa ya bi gabas da yamma don kada rana ta shiga ta gefe. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓawon katako daga wurin kafinta, ban da garin zarto mai laushi wanda tsaki ke ci. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe ta nan take, domin a cikinta cutar kashin jini ke yaɗuwa.

Rigakafin cutar Newcastle, wato annobar hunturun nan mai sa kaza koren zawo da murɗewar wuya, shi ne wanda babu mai kiwon da ya kamata ya tsallake, ko kajinsa biyar ne, domin cutar ba ta da magani. Rigakafin da ake kira Lasota ita aka fi samu a shaguna, amma tana bukatar sanyi daga firij har gida, a kwaɓa ta da ruwan rijiya mai tsabta ba na famfo mai sinadari ba, a shanye cikin awa biyu. Ga ƙauyukan da babu firij, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wadda ake kira I-2, mai jure zafi, ana ɗiga ta a ido duk wata uku zuwa huɗu. 'Yan tsakin gidan gona kuma suna bukatar ta cutar Gumboro a makonnin farko. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma in an buɗe ba a ajiye saura, don haka maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sa rana ɗaya, tun kafin sanyin Nuwamba ya shigo.