Hattara da masu sayar da tsohuwar laftof da sunan ta zamani

Jama'a, ku taimaka ku isar da wannan ga duk wanda ke shirin sayen laftof ta hannu, musamman ɗalibai.

Ƙanwata ta shekara tana tara kuɗi. Ni da kaina na ba ta shawarar ta nemi mai ƙarko irin su HP EliteBook ko ThinkPad, don irin waɗanda kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu ne, suna jure wahala, kuma ana samun kayan gyaransu. Har gobe ina kan wannan ra'ayi. Amma sunan nan mai kyau shi wasu marasa tsoron Allah suka mayar tarko.

Ta ga talla a Facebook, suka koma WhatsApp. Mutumin ya ce EliteBook 840 G5 ce, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7 na kamfanin Intel, zubi na 8, wato jerin fitowa na takwas, ya turo bidiyo yana nuna bayanan a cikin Windows. Da aka kawo ta a mota, sitika fes, jiki ba ƙwarzane. Wata biyu da saye, Windows ɗin ta rikice muka kai wa mai gyara ya sake lodawa. Yana gamawa ya juyo da fuskar kwamfutar ya ce, "Yaya, zo ka gani." An rubuta i7-4600U. Zubi na 4 ke nan, na 2013, wato G1 ce, alhali G5 sai 2018 ta fito. Ashe sunan furosesan da Windows ke nunawa ana iya sauya shi da hannu, sitika kuwa ta kasuwa ce. Muka kira lambarsa, a kashe. Yarinyar nan ranar ko abinci ba ta iya ci ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai don da bakina ta yi cinikin.

Asarar ba a tsufa kaɗai ta tsaya ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel take farawa, wato ta ƙanwata ba ta cika sharaɗin ba. Kalmar "i7" ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Lambar da ke biye da ita, kamar 4 ɗin farko a 4600U, ita ce ke nuna shekarun na'urar.

Don haka kada ka tura ko sisi sai kwamfutar tana gabanka. Kashe ta, kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi: danna F10 a HP, F1 a ThinkPad, F2 a Dell. Nan za ka ga ainihin furosesa, RAM da lambar siriyal. Gwada lambar siriyal ɗin da wadda ke rubuce a ƙasan kwamfutar, sannan ka sa ta a shafin kamfanin ka ga samfurin da zai fito. In BIOS ta nemi kalmar sirri mai kaya ya ce bai sani ba, ajiye masa abinsa. Batir kuma, rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt (tagar rubuta umarni ta Windows), zai ajiye rahoto a fayil, ka buɗe shi ka ga ƙarfinsa na asali da abin da ya rage.

Mai son MacBook ya sa a goge ta a gabansa, a haɗa da intanet, ya shiga da nasa asusun. In ta nemi Apple ID (asusun Apple) ɗin wani, a kulle take.

Mai gyaran ya ce tamu ce ta uku da aka kawo masa da irin wannan sitikar, kuma har yanzu tallan na yawo da sabuwar lamba.