Shagon kayan shafa a unguwar Zariya ta Maradi da ke duba fata kafin ya sayar

Na daɗe ina sayen man shafawa a Babbar Kasuwar Maradi bisa shawarar ƙawaye, har hunturun bara ya zo, kumatuna suka yi furu-furu suna tsagewa, alhali goshina da hancina suna ƙyalli da maiƙo. Maƙwabciyata ce ta raka ni wani ƙaramin shago a unguwar Zariya, wanda wata Hajiya ke riƙe da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta miƙo mini kwalba ko ɗaya ba. Ta sa na wanke fuska, na zauna kusan rabin awa ban shafa komai ba, sannan ta danna siririyar takarda a goshina da hancina da haɓata, ta danna wata a kumatu, ta ɗaga su ga hasken ƙofa. Ta farkon ta yi tabon mai, ta biyun kuwa ta fito a bushe. "Ƙanwata, fatarki gauraye ce," in ji ta, "kina shafa wa fuska biyu mai ɗaya." Ta bayyana mini cewa goshi da hanci sun fi sauran fuska yawan ƙwayoyin da ke fitar da maiƙo, shi ya sa basilin da ke taimakon busasshiyar fata a watan Janairu yake zama nauyi ga mai maiƙo idan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi kuma, ta ce ta guji duk man da aka cika wa turare, ta fara gwada sabon mai a bayan kunne.

Ta ba ni man kaɗanya tsantsa don kumatu da dare, da sabulu mara kaifi, ta hana ni goge fuska da soso. Cikin mako uku tsagewar ta lafa.

Abu ɗaya ne ya sosa mini rai, kuma na faɗa mata. A saman kantar shagon akwai mayukan bilicin, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin haidirokinon ko kotizon mai ƙarfi, masu sirantar da fata su bar mata nankarwa da tabo. Ta ce masu nema ne suka yi yawa. Ban gamsu ba, domin wadda ta san fata haka ta san ɓarnar da suke yi. Shagon kuma ƙarami ne, kujera biyu kacal, don haka gara a je da safe kafin mata su taru.