Motar turbo a Jamus: ba ta shan mai, amma ku ji kuɗin gareji

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya kira ni daga gida sai ya sako maganar mota. Ƙanina ya fi kowa matsawa: "Yaya, ka turo min irin taka mana, an ce ba ta shan mai." Ba ƙarya aka yi masa ba. Girmanta ya kai na Camry, amma injinta lita 1.5 ne kacal, mai turbo. In na hau babbar hanya daga Hamburg zuwa Bremen na tsaya a gudun kilomita 110 zuwa 120, wajen lita 6 ke kai ni kilomita 100. Abin da ba ya zuwa kunnenku shi ne abin da ake biya kafin ta ci gaba da wannan halin kirki.

Da lokacin juyen mai ya yi, sai da na buga waya aka yanka min rana, makonni a gaba. Ranar na je, wani matashi mai tsabtatacciyar riga ya karɓi makulli a kan kanta. Da aka ja motar ciki na bi bayanta, kamar yadda kowannenmu zai yi. Sai ya ɗaga hannu ya tare ni a bakin ƙofa, a gaban mutane, ya ce mai mota ba ya shiga wurin aiki. Ya nuna min kujera da na'urar kofi. Wallahi raina ya sosu. Mota tawa, gumina, amma har na bar wurin ban ga fuskar wanda ya taɓa ta ba.

Sai ga takardar kuɗi: kusan Yuro 400, na juyen mai da canza matatu da 'yan dube-dube. Ladan aiki kaɗai ya haura Yuro 100 a kowace awa, kuma mintoci ake lissafawa. Babu ciniki, babu "Malam a duba min", babu "zan ciko ranar Juma'a". Ka miƙa kati, a ba ka makulli, a yi maka murmushin da ake yi wa kowa.

A kan kujerar nan na tuna bakanikena na Kano. Benci a ƙarƙashin darbejiya, ka zauna ana hira, ya kasa kunne ya gaya maka ciwon mota tun kafin ya buɗe gabanta. In wani abu ya lalace a tura yaro Ƙofar Ruwa a kan babur, kafin la'asar an ɗaura. In ba ka da kuɗi ka tafi da motarka, ya san gidanku, ya san mahaifinka. Wannan mutuncin babu shi a nan, ko nawa za ka biya.

Amma takardar da ta ɓata min rai ita ce ta sa na yi shiru. Komai a rubuce: irin baƙin man da aka zuba, 0W-20, lita nawa, lambar kowace matata, da kilomitar da zan dawo. Turbo zugazugin maƙeri ne: hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta danna iska cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. Fankar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin man inji ne ke sanyaya sandarta yana hana ta cin kanta. Mai kauri, ko gurɓatacce, ko wanda ya wuce lokacinsa, ajalinta ne.

To mu fa? Mu ne masu sayen baƙin mai a galan marar suna, mu murza shi a yatsa mu ce "wannan yana da kauri, mai kyau ne." Mota ta sauka daga Kwatano, abin farko a cire mata abin daidaita zafin inji a haɗa fankar sanyaya inji kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba kuwa ƙarin mai yake sha. A fasa salansa a kwashe "indomi", wato matatar hayaƙin da ke ciki, a sayar. Fitilar gargaɗi ta kama, a ce rabu da ita, haka take. Tsohuwar Toyota tana yafe wannan duka, shi ya sa muke ƙaunarta. Turbo ba ta yafiya, kuma in ta mutu mu ce motar ce ba ta da ƙwari. Ga fetur ɗin bumburutu a jarka, ga abin da muka gani a Fabrairun 2022 da gurɓataccen mai ya kwantar da motocin bayin Allah.

Shan man nata ma da sharaɗi. A wuraren da babu iyakar gudu a Autobahn, wato manyan hanyoyin Jamus, in ka take totur zuwa 170, sai ka ga allon yana nuna lita 10 ko fiye, don iskar da turbo ta danna dole a ba ta mai daidai da ita. Lokacin hunturu kuma, 'yan zirga-zirgar cikin gari kafin inji ya ɗumama, lita 8 zuwa 9 ne. Kuma man ba arha ba. A kowace lita gwamnati na karɓar harajin makamashi santi 65.45, ga harajin saye na kashi 19 cikin ɗari, ga kuɗin hayaƙi da aka fara a 2021. Fiye da rabin abin da ka biya haraji ne. A Maris ɗin 2022 lita ta haura Yuro 2. Gidajen man bakin Autobahn kuwa, kada Allah ya sa ka buƙace su.

Abu ɗaya da har yau yake burge ni: kai za ka zuba da hannunka, ka gama, sannan ka shiga ciki ka faɗi lambar famfo ka biya. A jikin kowane famfo akwai tambarin hukumar awo, duk shekara biyu ake gwada shi. Lita lita ce. Ban taɓa tsayawa ina zare ido a kan mita ba.

Sauran kuɗaɗen kuma ba sa jiran ka tayar da mota. Inshora dole ce, ba a ba ka lamba sai da ita, kuma sabon zuwa ya fi kowa biya. Harajin shekara ana lissafa shi da girman inji da yawan hayaƙi, nan kam ƙaramin inji ya taimaka. Duk shekara biyu sai binciken lafiyar mota da kowa ke kira TÜV. Ga tayoyin hunturu, saiti guda daban, ka biya a canza, in ba ka da wurin ajiya ka biya a ajiye maka.

Don haka na ce wa ƙanina ya fara nemo min bakaniken da ke da na'urar duba kwamfutar mota, wanda ba zai cire komai daga jikinta ba, da shagon da zai samu ainihin baƙin man a rufe da hatiminsa, da gidan mai ɗaya da ya yarda da shi. In ya samo ukun nan, zan fara tambayar kuɗin jirgin ruwa. In bai samu ba, Corolla zan nema masa.